A Zo a Sauke wa Babana Amanar Tsuntsaye

Zuwa ga Farfesan da ya taɓa zuwa ƙauyenmu da farar mota domin duba aikin ɗalibarsa mai binciken tsuntsayen bakin ruwa.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa ta girmamawa, da fatan kana cikin ƙoshin lafiya kai da iyalinka da ɗalibanka, zan fara da neman afuwa saboda ban rubuta sunanka ba. Ban san shi ba ne. Ko sunan jami'arku ban sani ba. Shi ya sa wannan wasiƙa ba ta shiga ambulan ba. Malama Asabe, wadda ta koyar da ni a aji shida, ita ta ce in zauna in rubuta da hannuna, ita kuma za ta sa ta inda mutane ke karatu a waya, ko Allah zai sa wani ya gane ka ya nuna maka.

Sunana Sa'adatu. Ƙauyenmu yana bakin dam, a hanyar da ta tashi daga Karaye ta nufi Rogo. Ba lallai ka tuna ni ba. Ni ce yarinyar da ta kawo maka ruwa a zaurenmu, na durƙusa na ajiye kwanon na gudu ban gaishe ka ba, ka ce, "Ita wannan ba ta magana ne?" aka yi dariya. Ina magana, ranka ya daɗe, a gaban mutane ne kawai take maƙale min. Karatuna bai wuce firamare ba, don haka idan ka ga kuskure ka yi haƙuri.

Ga abin da ya sa na rubuto. Ɗalibarka ta bar wa babana amana a gonarmu ta bakin ruwa, ta ce kada a taɓa sai ta dawo. Ba ta dawo ba, Baba kuma ya ƙi taɓawa. Idan dashen albasar bana ya wuce ba mu shiga gonar ba, mai unguwa zai ba wani ita, kuma ba za ta sake dawowa hannunmu ba. Zan bi maganar ɗaya bayan ɗaya don ka fahimta.

Na farko, ita gonar.

Mu a nan gona biyu ke riƙe gida. Akwai ta tudu, inda muke shuka dawa da gyaɗa da damina. Tamu ƙarama ce, hatsinta ba ya kai mu wata kakar. Sai kuma ta bakin ruwa. Idan damina ta ɗauke, ruwan dam yakan riƙa ja da baya a hankali, ya bar baƙar ƙasa mai laima. A nan ake dasa albasa da rani, ita ce ke cike giɓin da dawa ta bari. Wannan ƙasa ba a sayar da ita, babu takarda a kanta. Mai unguwa ke raba ta, kowane gida da yankinsa, kuma ƙa'idarta ɗaya ce tun kafin a haife ni: wanda ya bar yankinsa rani biyu babu shuka, a na uku sai a ba wanda zai noma, domin masu nema sun fi ƙasar yawa.

Yankinmu shi ne na ƙarshe ta gabas. Ya yi nisa da inda masunta ke ɗaure jirage, ya yi nisa da mashayar shanu. Saboda shirun wurin, a nan ƙananan tsuntsayen nan masu dogayen ƙafafu da siririn baki suka fi taruwa, suna gudu suna caka baki a taɓo. Mu ba mu taɓa damuwa da su ba. Ba sa cin albasa, ba su da naman kirki. Mun dai san shamuwa tana zuwa da damina, su kuma suna zuwa idan ta tafi.

Na biyu, yadda ɗalibarka ta shigo gidanmu.

Bara waccan, bayan an gama girbin dawa, ta zo da jakunkuna da raga da madubin hangen nesa mai ƙafa uku. Ta ce digiri na biyu take yi a kan tafiye-tafiyen tsuntsayen nan. Da ta zaga bakin dam ta ga yankinmu, sai mai unguwa ya kawo ta wajen Baba, ya kuma roƙi a ba ta masauki, tunda mace ce kuma gidanmu ya fi kusa da ruwa.

Da aka tambayi sunanta ta ce Habiba, sai Baba ya sunkuyar da kai. Sunan mahaifiyarsa ke nan, Allah ya jiƙan ta. Ni jika ce, shi ya sa na iya rubuta shi a nan. Baba bai taɓa furta shi ba, Inna ma haka. Tun daga ranar Baba ya kira ta Iya, Inna ta kira ta Mai-sunan-Iya, mu yara muka ce Anti. Ranka ya daɗe, ka riƙe wannan, domin shi ne tushen wahalarmu. Mutumin da ba zai iya faɗin sunanka na farko ba, ba zai tambaye ka sunan mahaifinka ba. Kuma baƙo a gidanmu ba a yi masa tambayoyi. Ta yi rani guda cur tana kwana a ɗakina, muna ci a kwano ɗaya, amma babu wanda ya san Habiba 'yar wace ce, ko daga wace jami'a take.

Ba zan faɗi sharri a kanta ba, domin ban gani ba. Na ga wahalarta dai. Da an yi sallar asuba take fita cikin sanyi da takalmin roba, ta kafa raga siririya kamar gashi a bakin ruwa. Duk tsuntsun da ya faɗa sai ta ciro shi a hankali, ta sa shi a ɗan buhun yadi ta auna nauyinsa, ta gwada tsawon fiffike da baki, ta sa masa zoben ƙarfe a ƙafa ɗaya da ɗan roba mai launi a ɗayar, ta sake shi. Da rana ta zauna bayan madubi tana ƙirga su har idonta ya yi ja. Da yamma ta caka bututu a taɓo ta ciro, ta wanke a rariya, ta tsince tsutsotsin da tsuntsayen ke ci ta zuba a 'yan kwalabe. Sauro ya cije ta har zazzaɓi ya kwantar da ita, Inna ta yi ta dafa mata ganye tana yi mata faɗa: "Ke da iyayenki suka sa a boko don ki zauna a ofis, kin zo kina wanke laka." Ita kuma tana dariya daga kwance. Akwai ranar da na same ta tana kuka saboda iska ta yaga ragarta kuma ba ta da wata. Baba ya kai wa wani masunci ya ɗinke mata.

Ita ce ta gaya min tsuntsayen nan ba 'yan nan ba ne. Ta ce idan zafi ya fara sukan tashi su ƙetare hamada da teku, su je ƙasashen sanyi su yi ƙwai, sannan su juyo, kuma da yawansu wurin da suka bari suke dawowa. Sau ɗaya ta sa min wani a tafin hannu. Bai kai nauyin ƙaramar albasa ba, zuciyarsa tana bugawa a yatsuna da sauri. Ta ce in zaɓa masa launi. Ban iya magana ba, na nuna ruwan ɗorawa da yatsa.

A wancan rani ba mu dasa albasa ba, amma ba mu da ƙorafi a kansa. An yi magana tun farko, ta cika abin da ta ce za ta yi wa Baba a madadin amfanin gonar. Ta kafa ƙarafa takwas dogaye, an shafa musu jan fenti a kai, suka kewaye yankinmu. Ta ce tana son ta gwada taɓon da ba a noma ba da wanda ake nomawa, ta ga wanne ya fi wa tsuntsayen abinci. Kai ma da ka zo ka shiga har gwiwa ka duba ƙarafan, ka girgiza ɗaya ka ce sun kafu da kyau. Sun kafu, ranka ya daɗe. Suna nan har yau.

Na uku, ranar da ta tafi.

Da zafin bazara ya shigo tsuntsayen suka ragu, ita ma ta haɗa kaya. Ta durƙusa a zaure tana sallama da Baba, Liman yana zaune saboda ya zo gaisuwa, ni kuma ina bayan ƙofa riƙe da jakarta. Da kunnena na ji ta ce, "Baba, na bar maka amanar ƙarafan nan da ƙasar da ke tsakaninsu. Kada a cire, kada a noma, sai na dawo." Baba ya ce, "Na karɓa, Iya. Allah ya kai ki lafiya."

Na tabbata a ranta watanni kaɗan take nufi. Ta ce min da ruwa ya fara ja za ta zo, har ta bar takalmin robarta da rariyarta a ɗakina. Amma ba ta faɗi lokaci a zaure ba. Sai na dawo kawai ta ce, kuma abin da Baba ya karɓa ke nan.

Na huɗu, abin da ya biyo baya.

Damina ta zo ruwa ya rufe gonar, jajayen kawunan ƙarafan kawai ake hangowa. Damina ta wuce, ruwa ya ja, tsuntsaye suka sauka. Muka share ɗaki, Inna ta wanke mata shimfiɗa. Maƙwabta suka dasa albasa, mu muna jira. Baba ya ce wata guda zai yi mata uzuri, karatu ba wasa ba ne. Watan ya wuce, wani ya bi bayansa, har lokacin dashe ya fita.

Mun neme ta. Lambar wayar da ta bar wa yayana Auwalu tun tsakiyar damina ta daina shiga. Takardar da ta zo da ita wajen dagaci an duba an rasa. Yaya Auwalu ya hau mota daga Karaye har Kano, ya je ƙofar wata jami'a ya ce yana neman Habiba mai tsuntsaye. Masu gadi ba su wulaƙanta shi ba, sun dai tambaye shi Habiba wa, a wane sashe. Suka ce Habiba ba ta ƙirguwa a ciki, kuma wa ya ce masa ma a nan take? Wataƙila Zariya ce, wataƙila wani garin. Ya dawo da yamma bai ci komai ba.

Ranin bara Baba ya yi shi ne a gonakin mutane. Mutumin da ke da yankinsa, ya koma yi wa yaran da ya girme wa iyayensu ƙwadago, yana ɗaukar musu buhu, yana ja musu tiyo. Dawa ta ƙare mana tun kafin ruwan farko. Inna ta sayar da akuyarta, daga baya ta sayar da 'yar akuyar. Maganar in shiga sakandare a Karaye, wadda aka ce sai an cire albasa, babu wanda ya sake tayar da ita, ni ma ban tayar ba.

Sai kuma bakin mutane. Yanzu a garinmu ba a ce wa Baba Malam Sale, sai Mai Gadin Tsuntsaye. Idan ya wuce majalisar bakin kasuwa sai wani ya ce, "Malam, yaushe za a girbe tsuntsayen? A ajiye min kwano biyu." Wani ya ce, "Ku bar shi, ma'aikacin jami'a ne, albashinsa na can yana taruwa." Baba yakan yi murmushi ya amsa gaisuwa ya wuce. A gida ne nake ganin ya zauna da tuwo a gabansa har ya huce. Ni ma a rijiya 'yan mata suna tambayata ko babanmu ya sa min zobe a ƙafa. Ba na tanka musu, ba don ban ji zafi ba.

Na biyar, kada ka ce ba a ba shi shawara ba.

An ba shi. Liman da kansa, wanda aka yi maganar a gabansa, ya kira shi bayan sallar la'asar ya ce masa addini bai ɗora wa mutum abin da zai halaka iyalinsa ba, ya shiga gonarsa, idan ma yana ganin rantsuwa ya yi to ya yi kaffara. Baba ya gode masa, ya ce, "Allah ya gafarta Malam, da rantsuwa na yi da na yi azumi na huta. Kayan mutum aka ba ni riƙo, mai kayan kuma ba ta ce na sake ba." Liman ya ce ai ƙasar tasa ce, ba tata ba. Baba ya ce ƙasar tasa ce, aikin da ke cikinta nata ne, kuma shi ya ga yadda ta sha wahala a kansa. Idan ya sa fartanya sau ɗaya, wahalar rani guda ta yarinyar mutane ta tashi a banza.

Inna ba ta da haƙurin Liman. Ta ce masa, "Malam, Iyar gaskiya tana kabari, da tana raye da ita za ta fara kora ka gonar nan da muciya. Wannan Iyar ta birni tana can tana cin shinkafa ta manta da mu." Baba bai ɗaga kai ba, ya ce ba ta san ko rashin lafiya ne ya hana yarinyar zuwa ba. Inna ta ce to mu lafiyar ce ta ishe mu? Daga nan ta shiga ɗaki. Kwanaki bayan haka rariyar Inna ta ɓalle, ta ɗauko ta Anti za ta tankaɗe gari, Baba ya ce a mayar, ita ma tana cikin amana. Inna ta yi dariyar da ban taɓa jin irinta ba, ta mayar.

Yaya Auwalu shi bai tsaya magana ba. Wata safiya ya je ya tumɓuke ƙarfe biyu ya jefar a ciyawa. Baba bai dake shi ba, bai zage shi ba. Ya je ya nemo su, ya lalubo ramukansu da hannu cikin taɓo, ya mayar da kowanne inda yake, ya dawo da laka har ƙirji. Yaya Auwalu ya kalle shi, bayan kwana kaɗan ya tafi cirani. Yana aiko da gaisuwa ga Inna.

Ni ma na taɓa zuwa na kama ƙarfe ɗaya da hannu biyu. Ban ja ba. Na san idan na cire, tsohon nan ne zai sake shiga laka ya mayar. Sau da yawa ina shirya maganar da zan yi masa, in kai masa ruwan alwala da niyyar in faɗa, sai in ajiye butar in juyo. Ba a haife ni da bakin Inna ba. Kuma ko da ina da shi, ban san me zan ce ba, domin wani lokaci ina jin haushinsa, wani lokaci kuma ina ganin duk garin nan babu kamarsa.

Na shida, inda muke yanzu.

Ruwa ya fara ja. Wannan shi ne rani na uku. Mai unguwa ya zo gidanmu da kansa, ba aike ya yi ba, saboda yana ganin girman Baba. Ya ce ya kau da kai iyakar yadda zai iya, amma mutane uku sun yi masa magana a kan yankin, kuma dukkansu suna da iyali. Akwai wani tsohon kututturen tsamiya a gaban gonarmu da ruwa ke rufewa. Ya ce ranar da ruwa ya sauka ya bar gindin kututturen a fili, idan babu dashe a yankinmu, zai ba wani. Baba ya ce ya gode, hukuncin mai unguwa daidai ne.

Ranka ya daɗe, ga abin da ke hana ni sukuni. Duk wanda aka ba gonar, ranar farko zai tumɓuke ƙarafan ya nome taɓon. Aikin Anti zai lalace, gonarmu kuma ta tafi. Babu abin da zai tsira. Inna ta faɗa wa Baba haka, ya ce ya sani, amma ba da hannunsa ba.

Inna ta yafa irin albasa a bayan ɗaki tun da damina ta ɗauke, ba ta nemi izinin kowa ba, Baba kuma ya yi kamar bai gani ba. Ni ke ba shi ruwa safe da yamma. Ya fito da kyau, ya kai tsawon dashe. Idan ya ƙara daɗewa zai tsufa a wurin, ko an dasa ba zai yi kai ba. Kullum idan na je ɗiban ruwa sai na duba kututturen. Kansa ya fito tuni, yanzu har na fara ganin inda ya yi rassa biyu.

Abu ɗaya ne ya ba ni ƙarfin rubuta wannan wasiƙa. Da Malama Asabe ta zo gidanmu, ta tambayi Baba ko akwai wanda zai iya sauke masa nauyin nan ban da ita Anti. Ya ce malaminta da ya zo da farar mota, tunda shi ya turo ta kuma shi ya girgiza ƙarfen ya ce ya kafu, idan ya ce a cire to an cire. Kai ke nan, ranka ya daɗe. Duk ƙasar nan ku biyu ne kawai maganarku za ta shigar da babana gonarsa.

Akwai kuma labarin da nake ganin ya kamata in ba ka, ko yana da amfani a aikinku. Tunda aka daina noma yankinmu, doguwar ciyawar ruwa ta cinye gefen sama, taɓon da tsuntsayen ke samu ya zama ɗan siriri a bakin ruwa. Ban sani ba ko abin da ake son gani ke nan, ko kuwa lalacewa ce. Babu mai ƙirga su, babu mai wanke laka. Amma sun zo bara, sun zo bana. Kuma a cikinsu akwai mai ɗan roba ruwan ɗorawa a ƙafar hagu. Ba ni da madubi, ba zan iya karanta lambar zobensa ba, ba zan rantse cewa shi ne wanda aka sa min a hannu ba. Na dai gan shi bara kusa da ƙarfe na ƙarshe, kuma makon jiya na sake ganin sa a wurin. Idan shi ne, to sau biyu ke nan yana ƙetare hamada da teku yana dawowa gonarmu. Na gaya wa Baba, ita ce doguwar maganar da na yi masa a shekarar nan. Ya yi murna sosai, ya ce, "Kin gani, su ma sun san za ta dawo." Sai na yi da na sanin faɗa masa.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ga roƙona.

Ka zo, ko ka turo Anti, ko wani ya riƙe waya a kunnen babana ya ji muryarka. Ba dogon bayani ake so ba. Ka ce masa, Malam Sale, an gode, an karɓi amana, ka shiga gonarka. Ba ma neman diyyar bara. Inna za ta ce a nema, amma ni na san Baba ba zai karɓa ba.

Idan kuma har yanzu aikin yana buƙatar wurin, to ka zo ka faɗa wa mai unguwa da bakinka cewa ƙasar ba a banza take zaune ba, sannan ka duba ko za a matsar da ƙarafan a bar mana ko rabi mu dasa.

Idan wani abu ne ya sami Anti, ka gaya mana. Idan aure ta yi ko ta tafi wata ƙasa karatu, za mu yi mata murna. Idan kuɗin aikin ne ya yanke, ba abin kunya ba ne, mun san yankewar abu. Idan ba ta da lafiya za mu yi mata addu'a. Idan kuma ta riga mu gidan gaskiya, a faɗa wa Baba a hankali, domin zai zama sau biyu ke nan yana rasa mai wannan suna. Takalminta da rariyarta suna nan, ina kakkaɓe su.

Sannan duk ɗalibin da za ka sake turawa ƙauye, don Allah ka ce masa idan zai bar wa mutum riƙon wani abu ya faɗi ranar da riƙon zai ƙare, ya kuma bar cikakken sunansa ko ba a tambaye shi ba. Akwai gidajen da ba za su tambaya ba.

Wanda ya karanta wannan kuma ya san wata Habiba da ta yi binciken tsuntsaye a bakin dam ta wajen Karaye, doguwa, mai tabarau, mai yawan dariya, ina roƙonsa don girman Allah ya kai mata. Anti, idan ke ce kike karantawa, ba fushi nake yi ba. Ni ce Sa'a. Kin ce in riƙa magana, ga shi na yi.

Samun gidanmu ba wuya, ranka ya daɗe. Idan ka sauka a tashar Karaye, kada ka tambayi gidan Malam Sale, akwai su da yawa. Ka ce wa kowane ɗan acaɓa ya kai ka gidan Mai Gadin Tsuntsaye. Zai yi dariya, amma zai kawo ka har ƙofa. Idan ba ka sami Baba a zaure ba yana bakin ruwa, yana duba ko ƙarafan na nan daidai. Wannan karon idan na kawo maka ruwa zan tsaya in gaishe ka.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya albarkaci iliminka da zuriyarka, ya ba ɗalibanka sa'ar karatu. Allah ya kiyaye Anti a duk inda take. Allah ya sa wannan takarda ta riski hannunka kafin ruwa ya sauka daga gindin kututturen nan.

Wassalam.

Sa'adatu,
'yar gidan Malam Sale na bakin dam.